Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastoci da dattawan majami'un zango na Kumasi kan koyarwar sabon alkawari, Isra'ila da ikkilisiya

Iyayenmu cikin Ubangiji, Rabaran-Rabaran, fastoci, masu bishara da dattawan majami'un da ake wa'azi ko tafinta da Hausa a Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Tafo, Moshi Zango da kewaye, muna gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, da fatan iyali da aikin Ubangiji suna lafiya.

Mu malaman makarantar Lahadi ne da na ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, daga ɗariku dabam-dabam. Roƙo ɗaya muka kawo gabanku: kafin a sake hawa mumbari a yi wa'azi kan Isra'ila, a ware wa jama'a mako takwas a karanta musu nassoshin da ake gardama a kansu, daki-daki, a kuma raba musu abin da Kirista duka suka yarda da shi daga abin da malamai masu tsoron Allah suka saɓa a kai. A yanzu mutum ɗaya yakan ji a rediyo da safe cewa ikkilisiya ta maye gurbin Yahudawa, da yamma ya ji a WhatsApp cewa albarkarsa tana rataye da goyon bayan gwamnatin Isra'ila, ranar Lahadi kuma ya kawo wa malamin aji tambayar da ba a ba malamin kayan amsa ta ba.

Matsalar farko a bakin tafinta take. Hausa tana da kalma ɗaya, alkawari, inda Helenanci yake da biyu: ɗaya ta abin da aka ƙulla tsakanin Allah da mutane aka hatimce da jini, ɗaya kuma ta maganar da Allah ya ɗauka cewa zai yi. Tonanci, wato yaren Twi, ma ya raba su, apam daban, bɔhyɛ daban. Ga shi kuma da wannan kalmar muke kiran kashi biyun Littafin, Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Saboda haka in mai wa'azi ya ce tsohon alkawari ya shuɗe, yana nufin na Dutsen Sinai kamar yadda Ibraniyawa 8:13 ta faɗa, mai sauraro yakan ɗauka littattafai 39 ne aka jefar, ko kuma Allah ya fasa abin da ya faɗa wa Ibrahim. Na farkon shi ne kuskuren Markiyon, wanda ikkilisiyar Roma ta kora wajen shekara ta 144. Na biyun kuwa Bulus ya rushe shi a Galatiyawa 3:17, inda ya ce Shari'ar da ta zo bayan shekara 430 ba ta soke abin da aka riga aka tabbatar ba. Gyaran ba wuya: fasto ya zauna da tafinta minti goma kafin sujada, su daidaita cewa duk inda aka ambaci alkawari za a ƙara sunan mai shi, na Ibrahim, na Musa, na Dawuda, ko sabo. A kuma yi hattara da kalmar yarjejeniya, don tana sa mutum ya hango 'yan kasuwa biyu a Kejetiya suna ciniki, alhali a Farawa 15 Ibrahim barci yake yi sa'ad da wutar ta ratsa tsakanin yankakkun dabbobin.

Haka sunan Isra'ila. Mutum ne, Yakubu. Zuriyarsa ce, Bani Isra'ila. Masarautar arewa ce da Assuriya ta cinye a 722 kafin haihuwar Almasihu. Ragowar masu bangaskiya ce, wadda Romawa 9:6 take nufi. Ƙasa ce kuma ta zamani da aka kafa ranar 14 ga Mayu 1948. A rubuta biyar ɗin a allo tun makon farko, kuma duk ayar da aka karanta a tambayi aji: wacce ke nan? Rabin rigimar da ake yi a nan take mutuwa.

Daga ina saɓanin ya shigo mana? Da ƙafafun mishan ya zo. Majami'un da suka gaji tafarkin gyaran ikkilisiya, irin Firesbiteriyan da tushenta ya faro da mishan na Basel a Osu a 1828, ya kuma kafu a nan Kumasi ta hannun ɗan mishan Ramseyer a 1896, sun saba da koyarwar da ke cewa alkawarin alheri ɗaya ne tun daga Farawa, jama'ar Allah ɗaya ce, ikkilisiya kuma ci gaban wannan jama'a ce da aka buɗe wa al'ummai. Ɗaya ɓangaren ya fito ne daga John Nelson Darby, wanda ya rasu a 1882, ya bazu ta bayanan gefen shafi na Littafi Mai Tsarki na Scofield da aka buga a 1909: an kasa tarihi zamani bakwai, Isra'ila jama'ar Allah ce ta ƙasa, ikkilisiya ta sama, za a fyauce ikkilisiya zuwa sama, sannan Allah ya koma ga shirinsa da Isra'ila a mulkin shekara dubu. Yawancin majami'un Fentikos sun fi karkata nan. Assemblies of God, wadda ta shigo ƙasar nan ta Yendi a 1931, tana da ceton al'ummar Isra'ila a mulkin shekara dubu cikin bayanin bangaskiyarta. A zango kuwa 'ya'yan gidajen nan biyu benci ɗaya suke zama, domin Hausa ce ta tara Bafarafare da Bakusase da Bamoshe da Basanga, ba ɗarika ba.

Inda muke so a daɗe shi ne Irmiya 31:31-40, kuma muna roƙo a ba shi mako biyu cur. A duk Tsohon Alkawari nan ne kaɗai aka furta kalmar sabon alkawari. A karanta da ƙarfi sau biyu, sannan aji ya ƙirga abin da Allah ya ce zai yi: zai rubuta shari'arsa a zuciya, zai zama Allahnsu su zama jama'arsa, duka za su san shi daga ƙarami zuwa babba, ba zai ƙara tuna zunubinsu ba. Huɗu ke nan. Sai a yi tambayar da kowane ɓangare yake so ya tsallake rabinta: da wa aka ƙulla shi? Nassin ya ce da gidan Isra'ila da gidan Yahuza. Ba a ambaci Bahaushe ko Batone ba. Ayoyi na 35 zuwa 37 sun ƙara da cewa muddin rana da wata da taurari suna bin ƙa'idarsu, zuriyar Isra'ila ba za ta daina zama al'umma a gaban Allah ba, ayoyi na 38 zuwa 40 kuma sun ambaci sake gina birnin da sunayen hasumiya da ƙofofi. Malamin da ya tsaya a aya ta 34 don ya guje wa wannan bai yi wa aji adalci ba.

A mako na biyu a juya zuwa inda Sabon Alkawari ya ɗauko wannan annabci. A Luka 22:20 Yesu ya ɗaga ƙoƙon ya ce sabon alkawari ne a jininsa. A 1 Korintiyawa 11:25 Bulus ya miƙa wannan ƙoƙon ga ikkilisiyar da yawancinta al'ummai ne. A 2 Korintiyawa 3:6 ya kira kansa da abokan aikinsa masu hidimar sabon alkawari. Ibraniyawa 8:8-12 ta kwafo nassin Irmiya ɗungurungum, ita ce kwafowa mafi tsawo daga Tsohon Alkawari a cikin Sabo, sura ta 10 kuma ta kafa hujja da shi cewa babu sauran hadaya domin zunubi. Wannan ya matsa wa almajiran Darby lamba ƙwarai, har Lewis Sperry Chafer, wanda ya kafa makarantar tauhidi ta Dallas a 1924, ya koyar da cewa sababbin alkawarai biyu ne, ɗaya na Isra'ila, ɗaya na ikkilisiya. Magadansa da yawa sun bar wannan ra'ayi, domin babu ayar da ta ambaci na biyun, kuma tun wajen 1993 malamai irin su Craig Blaising da Darrell Bock suka fito fili suka ce alkawarin ɗaya ne, ya riga ya fara aiki a ikkilisiya, cikarsa kuma tana gaba. Abin takaici, ƙananan littattafan da ake sayarwa a bakin titi a Adum da yawansu tsohon zubin suke ɗauke da shi, wanda masu shi ma sun gyara. A ganinmu, duk wanda yake cin Jibin Ubangiji ba shi da hanyar cewa sabon alkawari bai fara ba, ko kuma ba nasa ba ne.

To ta yaya muka shiga abin da aka ƙulla da gidan Isra'ila? Romawa 9 zuwa 11 ne ya amsa, kuma a ba shi shi ma mako biyu. A matanin Helenanci sunan Isra'ila ya zo sau 11 a surorin nan uku. A sa aji ya nemo su ɗaya-ɗaya, ya auna kowanne da jerin da ke allo. Sannan a zo ga itacen zaitun na 11:17-24. Jama'armu sun san auren itace, sun san mangwaro mai aure da lemo mai aure. Mai lambu yakan yanko reshen iri mai kyau ya aura wa kututturen na jeji. Bulus ya juya abin da gangan: reshen jeji ne aka aura wa itacen gida, shi ya sa a aya ta 24 ya ce ba bisa ga ɗabi'a ba ne. A zana itacen a allo, a lura da abu huɗu. Itacen ɗaya ne, ba a dasa na biyu don al'ummai ba. Waɗansu rassa ne aka sare, ba duka ba, ba a kuma tumɓuke saiwar ba. Rashin bangaskiya ne ya sare su, bangaskiya ce ta riƙe mu. Allah kuma yana da ikon mayar da waɗanda aka sare a kan itacensu. Na farkon yana damun mai cewa jama'ar Allah biyu ce. Sauran ukun suna damun mai cewa Allah ya gama da Yahudawa. Gargaɗin aya ta 21 kuwa duk Bahaushe ya san shi tun yana yaro: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Aya ta 26, inda aka ce dukan Isra'ila za su sami ceto, fassara uku gare ta, kuma a faɗa wa aji duka ukun. John Kalbin ya ɗauke ta a kan dukan zaɓaɓɓu, Yahudawa da al'ummai. Waɗansu sun ce jimillar Yahudawan da suke ba da gaskiya ce a kowane zamani. Waɗansu kuma, har da manyan malaman Firesbiteriyan irin Charles Hodge da John Murray, sun ce babbar juyowa ce ta Yahudawa ga Almasihu nan gaba. Mu mun fi gamsuwa da ta ukun, domin a aya ta 25 sunan yana nufin Yahudawa ne a fili, da wuya ya sauya ma'ana cikin numfashi ɗaya, ga kuma ayoyi na 28 da 29 da suka kira su ƙaunatattu saboda kakanni, suka ce Allah ba ya janye baiwarsa da kiransa. Amma a lura, ko wacce aka ɗauka, ceton ta wurin Almasihu ne, kamar yadda 10:9-13 ta shimfiɗa. Koyarwar da ke cewa Bayahude yana da wata ƙofa daban ba ta da wurin zama a wasiƙar mutumin da ya ce da ma a la'anta shi saboda 'yan'uwansa.

Maganar ƙasa ita ce ainihin inda 'yan'uwa suka rabu, kuma ba mu ce ku yanke ta da ƙarfi ba. Mai cewa alkawarin ƙasa yana nan yana da Farawa 15:18 da 17:8, da annabawan da suka yi maganar komowa, da tambayar almajirai a Ayyukan Manzanni 1:6, wadda Yesu bai ce kuskure ba ce, lokacin kawai ya hana su sani. Mai cewa an faɗaɗa shi cikin Almasihu yana da Joshuwa 21:43-45, da Romawa 4:13 inda Ibrahim ya zama magājin duniya, da Ibraniyawa 11:16, da kuma shirun da Romawa 9 zuwa 11 suka yi kan komawa ƙasa. Mako ɗaya ya isa: a raba aji gida biyu, kowane gida ya kare ra'ayin da ba nasa ba na minti goma sha biyar. Wanda ya iya faɗin hujjar ɗan'uwansa yadda ɗan'uwan zai ce haka ne, shi ya cancanci ya yi masa gardama.

Maganar Mulkin Allah ba za ta ci lokaci da yawa ba in an kawar da kuskure ɗaya. Bayanan Scofield sun raba Mulkin Sama da Mulkin Allah. A buɗe Matiyu 19:23-24, za a ga Yesu ya yi amfani da su biyun a magana ɗaya. A gwada misalin ƙwayar mastad a Matiyu 13:31 da Markus 4:30, za a ga abu ɗaya ne da suna biyu. Bayan haka a jera Matiyu 12:28, inda mulkin ya riga ya iso, da addu'ar Ubangiji, inda muke roƙon ya zo. Bitrus a Ayyukan Manzanni 2:30-36 ya ɗaure tashin Yesu da gadon sarautar Dawuda, Yakubu ɗan'uwan Yesu kuma a sura ta 15 ya ga shigowar al'ummai cikin annabcin Amos na sake gina bukkar Dawuda. Shekara dubu ta mulkin kuwa a Wahayi 20 kaɗai aka ambace ta, sau shida cikin ayoyi na 2 zuwa 7. Yustin Shahidi ya sa ran ta a zahiri, Agustin ya ɗauke ta zamanin ikkilisiya, ba wanda aka kora daga bangaskiya saboda haka. A gaya wa mai jiran haikalin Ezekiyel 40 zuwa 48 cewa sai ya yi bayanin hadayun kafara da ke ciki a gaban Ibraniyawa 10:18. A gaya wa mai cewa duk misali ne cewa sai ya yi bayanin dalilin awon kamu-kamu har sura tara.

Yanzu ga abubuwan da suke ɓaci a aikace, waɗanda muke roƙo ku tsawatar a kansu ko da ba a yi ajin ba.

Sa ranar dawowar Almasihu. An ɗauki itacen ɓaure na Matiyu 24:32-34 a matsayin kafa ƙasar Isra'ila a 1948, aka ce tsara shekara 40 ce, aka sa ido ga 1988. Ta wuce. Waɗansu suka mayar da lissafin kan yaƙin 1967, wannan ma ya wuce. Luka 21:29 ta ce itacen ɓaure da dukan itatuwa, wanda ya nuna misalin sauyin yanayi ne kawai. Duk lokacin da rana ta wuce, matasa ne suke fara raina sauran wa'azin.

Farawa 12:3 da aka mayar layar arziki. Gaskiya ne an maimaita irin wannan albarka a kan Yakubu a Farawa 27:29, da kan jama'ar a Littafin Ƙidaya 24:9, kada a ɓoye wannan. Amma Bulus a Galatiyawa 3:8 ya kira ayar bishara da aka riga aka yi wa Ibrahim, ya ce masu bangaskiya ne suke cin albarkar. Daga nan zuwa cewa a ba da baiko na musamman don kasuwa ta buɗe, ko a sayi ruwan Urdun da man zaitun da ƙahon rago a farfajiyar majami'a, tafiya ce mai nisa da nassi bai yi ba. Yohanna 4:21-24 ya ishi dattawa hujjar hana wannan ciniki. Hulɗar Ghana da Isra'ila ma, wadda aka yanke a 1973 aka mayar a 1994, aikin gwamnati ne da ake aunawa da adalci da maslaha kamar ta kowace ƙasa. Annabawan da kansu ba su taɓa ƙyale sarakunan Isra'ila ba in sun yi zalunci. A tambayi Natan da Iliya da Amos.

Raina Yahudawa. Wannan ya fi tsufa, ya kuma fi muni. Wa'azozin Yohanna Kirisostom a Antakiya a 386 da 387, da rubutun Martin Luta na 1543, sun zama makami a hannun masu ƙiyayya, har Turai ta kai ga kisan Yahudawa miliyan shida. Majalisar Batikan ta Biyu a 1965 ta fito ta ce ba za a ɗora wa dukan Yahudawa alhakin mutuwar Yesu ba. A makon Ista musamman, mai karanta Bisharar Yohanna ya bayyana cewa Yahudawan da ake nufi a wurare da yawa shugabanni ne, kuma Yesu da Maryamu da manzannin duka Yahudawa ne.

Na ƙarshen ya shafe mu fiye da majami'un Bantama ko Ahodwo, domin lasifikarmu a kunnen maƙwabci Musulmi take. Shi ma ya san Bani Isra'ila daga Alƙur'ani, yana kuma jin zafin abin da ya shafi Masallacin Ƙudus. Ana yawan ɗauko Galatiyawa 4:21-31 a ce Hajara da Isma'ila su ne Larabawa ko Musulmi, mu ne Ishaku. A karanta aya ta 25: Bulus ya ce Hajara tana daidai da Urushalima ta zamaninsa da ke ƙarƙashin Shari'a, maganarsa kuwa da Kiristan da suke so a tilasta kaciya ce, shekaru ɗaruruwa kafin Musulunci. Farawa 17:20 ta ce Allah ya sa wa Isma'ila albarka, 25:9 kuma ta nuna shi da Ishaku tare suna binne mahaifinsu. A ƙasar da Babban Limami Shehu Usman Nuhu Sharubutu ya shiga majami'ar Katolika ta Christ the King a Akra lokacin Ista na 2019, bai kamata ayar da aka karanta a karkace ta ɓata zaman gidan haya ba. In za a yi addu'a domin salamar Urushalima bisa ga Zabura 122, a sa Yahudawa, a sa Falasɗinawa, a kuma tuna akwai 'yan'uwa Kirista a Baitalami da Nazarat da Gaza, akwai kuma Yahudawa masu bin Yesu.

Ga yadda muke ganin makonni takwas ɗin: na farko kalmomi da jerin alkawarai, biyu ga Irmiya, biyu ga Romawa, ɗaya ga ƙasa, ɗaya ga mulki, na ƙarshe ga Afisawa 2:11-22 a rufe da Jibin Ubangiji. Awa ɗaya kowane zama: minti goma sha biyar karatu da ƙarfi, domin da yawa cikin iyayenmu mata da ke dako a Kejetiya da 'yan'uwan da ke aikin ƙarfe a Suwame da kunne suke karatu, minti talatin bayani da tambayoyi, sauran addu'a. Kada aji ya wuce mutum ashirin da biyar, in ya wuce a raba, don in an yi yawa masu baki uku ne kawai za su yi magana. A tanadi Littafi Mai Tsarki na Hausa aƙalla ɗaya ga mutum uku, kuma malami ya duba tsohuwar fassarar 1932 da sababbin tun a gida, saboda kalmominsu sukan bambanta. A hana kawo labaran yaƙi na ranar cikin aji sai bayan an tashi. Malaman kuma su fara zama da fasto sau biyu kafin a buɗe, kowa ya faɗi inda ya tsaya, don kada a ji saɓaninsu karo na farko a gaban ɗalibai.

In kun amince, muna roƙo kowace majami'a ta ba da malami ɗaya da tafinta ɗaya, a haɗu wata Asabar da rana a daidaita jerin ayoyin da kalmomin da za a yi amfani da su, sannan a kawo muku takardar ku duba kafin a fara.

Mu ne 'ya'yanku cikin hidima,
Malaman makarantar Lahadi da na ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na majami'un zango, Kumasi